Daga Asuba Zuwa Hantsi: Koyon Turanci da Ayyukanmu na Safe

(Taken shiri, sannan a rage sauti)

Jama'a masu sauraro, ga filinmu na koyon Turanci. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, 'yan kasuwa da ke zaune a rumfa, direbobi da ke bisa hanya, iyayenmu mata da ke tsakar gida da rediyo a gefe, darasin yau na kowa ne. Wanda ke da littafi da biro kusa ya jawo su. Wanda hannunsa ke kan aiki kada ya damu, kunne da baki sun ishe shi, domin yau maimaitawa za mu yi ta yi.

Abin da za mu koya shi ne yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi kullum. Malaman Turanci suna kiran wannan babi "simple present tense". Malaman nahawun Hausa kuwa suna da nasu sunan, lokaci sabau, wato irin maganar nan ta "nakan tashi", "yakan tafi", "mukan ci". Kuma ba za mu je nesa neman misali ba. Safiyarmu za mu ɗauka, tun daga kiran sallar asuba har hantsi ya dubi ludayi.

Me ya sa safiya? Saboda duk cikin yini babu lokacin da ayyukansa ke maimaita kansu kamarta. Abin da ka yi jiya da safe shi ka yi yau, shi kuma za ka yi gobe in Allah ya kai mu, kusan a jere ɗaya. Ka riga ka san abin da za ka faɗa, ba sai ka yi dogon tunani ba. Abin da ya rage maka kawai shi ne yadda za ka gina jimlar. Hausawa suka ce da sanyin safiya ake kama fara, to mu ma da ita za mu kama wannan babi.

Mu fara da abin da muka sani. Ku saurari waɗannan jimloli uku na Hausa. Na share ɗaki. Ina share ɗaki. Nakan share ɗaki. Yaro ɗan shekara biyar ya san bambancinsu. Ta farko aiki ya wuce, ta biyu ana cikin yi, ta uku kuma sabo ne, abin da ake yi yau da gobe. Turanci ma yana da waɗannan ukun. "I swept the room." "I am sweeping the room." "I sweep the room." Ta ukun ita ce tamu ta yau. Ku riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin duk darasin a kanta ya tsaya: duk inda Bahaushe zai ce "nakan", Bature zai ce "I", ya kawo aikatau tsurarsa, yadda yake a ƙamus, ba ƙari a gaba, ba ƙari a baya.

To bismillah, mu shiga safiya. Zan faɗi jimla, in ba ku fassara, in ɗan dakata ku maimaita. Ku ɗaga murya, kada ku faɗa a zuci.

"I wake up at five o'clock." Nakan farka da ƙarfe biyar.

"I get up." Nakan tashi daga shimfiɗa. Kun ga yadda muke raba farkawa da tashi, haka su ma suke raba "wake up" da "get up". Mutum na iya farkawa bai tashi ba, musamman lokacin hunturu.

"I brush my teeth." Nakan goge haƙorana, ko da asuwaki ko da buroshi.

"I perform ablution." Nakan yi alwala.

"I pray." Nakan yi salla, ko nakan yi addu'a. A nan ku haɗe leɓɓanku sosai kafin sautin ya fito, domin harafin farko "p" ne, kada ya zame ya koma "f".

"I greet my parents." Nakan gaida iyayena.

"I sweep the compound." Nakan share tsakar gida.

"I fetch water." Nakan ɗebo ruwa.

"I take a bath." Nakan yi wanka.

"I get dressed." Nakan sa kaya.

"I have breakfast." Nakan karya kumallo.

"I go to school." Nakan tafi makaranta. Mai zuwa aiki ya ce "I go to work", mai zuwa kasuwa ya ce "I go to the market", manomi kuma "I go to the farm".

Madalla. Jimla goma sha biyu ke nan, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta zo muku da baƙon labari.

Wani zai tambaya: to yaya zan ce na sha koko da ƙosai? A Najeriya akan ce wa koko "pap", ƙosai kuma "bean cakes". Amma babu laifi ko kaɗan ka bar abincinka da sunansa. A Ghana, mutanen da ba Hausawa ba suna tsayawa a layi da safe su sayi abin da suke kira "Hausa koko", ba su sauya masa suna ba. Saboda haka "I drink koko every morning" jimla ce cikakkiya, lafiyayyiya.

Yanzu mu fita daga "I". Ga wani sauƙi da Turanci ya yi mana. Mu muna cewa kakan ga namiji, kikan ga mace, kukan ga jama'a. Su kuwa kalma ɗaya ce ta ɗauke duka, wato "you". "You wake up at five." Ko da Malam kake magana, ko da Hajiya, ko da aji guda na ɗalibai. Haka "we", wato mu, da "they", wato su. "We pray at dawn." Mukan yi salla da asuba. "They sweep the compound." Sukan share tsakar gida. Aikatau bai motsa ba. Da "I", da "you", da "we", da "they", duk hanyarsu ɗaya.

(Gajeren sauti)

Jama'a, mun iso inda mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka a gyara zama. Idan wanda ake magana a kansa mutum ɗaya ne, kuma ba ni ba ne, ba kai ba ne, wato shi ko ita, "he" ko "she", ko kuma abu ɗaya, "it", to dole aikatau ya ɗauki harafin "s" a ƙarshensa. "I wake up", amma "he wakes up". "I sweep", amma "she sweeps". "The cock crows at dawn." Zakara yakan yi cara da asuba.

Mu leƙa bakin titi mu ga wannan ƙa'ida tana aiki. Kusan kowace unguwa akwai baiwar Allah mai tuyar ƙosai. Tun gari bai waye ba ta surfa wakenta ta wanke, an kai niƙa an dawo, ta zauna kan 'yar kujera tana buga ƙullu da muciya har ya tashi. Ta hura wuta, ta ɗora kasko, mai ya yi zafi, yara sun kewaye ta da kwanuka a hannu. Wannan aikinta ne na kullum, saboda haka ga yadda za mu ba da labarinta.

"She wakes up at four o'clock." Takan farka da ƙarfe huɗu.

"She washes the beans." Takan wanke wake.

"She lights the fire." Takan hura wuta.

"She fries bean cakes." Takan soya ƙosai.

"She sells them to her neighbours." Takan sayar wa maƙwabtanta.

A gefenta kuma ga mai shayi, ya jera gwangwanayen madara da burodi a kan tebur, butarsa na huci. "He boils water." Yakan tafasa ruwa. "He slices bread." Yakan yanka burodi. "He mixes the tea." Yakan haɗa shayi. "He goes home at noon." Yakan koma gida da tsakar rana.

Kun ji "s" a ƙarshen kowane aikatau? To me ya sa take yawan kuɓuce mana, har ga waɗanda suka yi nisa a karatu? Dalili uku ne, kuma wanda ya san su ya rage wa kansa wahala.

Na farko, a Hausa wakilin suna ne ke sauyawa, aikatau yana nan yadda yake. Nakan tafi, yakan tafi, takan tafi, sukan tafi. "Tafi" ba ta damu da wanda ya yi tafiyar ba. Saboda haka ƙwaƙwalwarmu ba ta saba jiran wani sauyi a ƙarshen aikatau ba.

Na biyu, mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Harshenmu bai saba da baƙaƙe biyu ko uku a jere ba, balle a ƙarshen kalma. Shi ya sa da muka ari "bread" muka mayar da ita burodi, "bench" kuma benci. To idan aka ce mu faɗi "drinks" ko "wakes", sai harshe ya nemi sauƙi ya jefar da baƙin ƙarshe. Maganin wannan ba a littafi yake ba, a baki yake. Sai an yi ta faɗa har harshe ya saba.

Na uku ya fi ruɗarwa. An koya mana tun firamare cewa "s" alamar jam'i ce: "boy" yaro, "boys" yara. Gaskiya ne, amma a kan suna. A kan aikatau kuwa akasin haka ne, "s" alamar tilo ce. Ku saurara. "The boy sweeps." Yaro yakan yi shara. "The boys sweep." Yara sukan yi shara. Idan masu aikin sun kai biyu, aikatau ya ajiye "s". "My mother cooks." Amma "My mother and my sister cook."

Kada wannan ya karya muku gwiwa. A zamanin da, aikatau na Turanci yana da ƙare-ƙare masu yawa a ƙarshensa. Shekaru 400 da suka wuce ana rubuta "goeth" a inda yau ake rubuta "goes", kuma haka abin yake a fassarar Baibul ta 1611 da aka yi a zamanin Sarki James na Ingila. Wannan "s" daga arewacin Ingila ta gangaro, ta yi ta bazuwa har ta ture tsohon salon. Yau ita kaɗai ta rage a wannan lokaci. Abu ɗaya tak ake nema ku riƙe.

Ga masu rubutawa, akwai ƙa'idoji kaɗan na rubutu. Idan aikatau ya ƙare da "sh", ko "ch", ko "ss", ko "x", ko "o", to "es" ake ƙarawa. "Wash" ta zama "washes", "fetch" ta zama "fetches", "dress" ta zama "dresses", "mix" ta zama "mixes", "go" ta zama "goes", "do" ta zama "does". Idan kuma ya ƙare da "y" wadda baƙi ya gabace ta, sai a cire "y" a sa "ies". "Fry" ta koma "fries", "carry" ta koma "carries", "study" ta koma "studies". Amma in wasali ne kafin "y", a bar ta a ƙara "s" kawai: "prays", "buys". Sai kuma wata da ta fita daban, "have", wadda ke komawa "has". "I have breakfast at seven." "My father has breakfast at eight."

A wajen furuci kuma, sauti uku ne. A "wakes" da "sweeps" da "eats" za ku ji "s" sak. A "prays" da "boils" da "sells" sai ta koma kamar "z". A "washes" da "fetches" da "mixes" kuma gaɓa ce sukutum ta ƙaru, kamar "iz". Ku ɗora yatsa a maƙogwaronku ku ce "eats", sannan ku ce "sells". A ta biyun za ku ji maƙogwaron yana rawa har ƙarshen kalmar.

(Gajeren sauti)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, darasin Turanci ne a kan ayyukan da muka saba yi kowace safiya. Yanzu za mu ga yadda ake korewa da yadda ake tambaya.

Idan za ka ce ba ka yin abu, sai ka nemi taimakon "do not", wadda ake taƙaitawa "don't". "I don't drink tea." Ba na shan shayi. "We don't go to school on Sunday." Ba ma zuwa makaranta ran Lahadi. Ga shi ko ita kuwa, "does not" ce, wato "doesn't". "He doesn't drink tea." Ba ya shan shayi.

Ku lura da kyau. Mun ce "he drinks", amma da muka kore sai muka ce "he doesn't drink". Ina "s" ta tafi? Ta koma kan "does". Ku ɗauka kamar tulun ruwa ne aka ɗebo daga rijiya. Idan yaya ta tare ƙanwarta a hanya ta karɓi tulun, ƙanwar sai ta taho hannu sake, ba a ɗaukar tulu ɗaya a kai biyu. Da zarar "does" ta shigo jimla, ta karɓe "s", aikatau ya koma tsurarsa. Saboda haka "she doesn't cooks" kuskure ne. Daidai shi ne "she doesn't cook".

Tambaya ma haka take. A Hausa ba ma juya kalmomi, murya kawai muke ɗagawa, ko mu sa "shin" ko "ko". Kakan sha shayi. Kakan sha shayi? Shi ya sa da yawanmu kan ce "You drink tea?" Za a gane ka, amma a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ba za ta karɓu ba. Turanci yana buɗe tambaya da "do" ko "does". "Do you drink tea?" Amsa: "Yes, I do", ko "No, I don't." "Does your brother fetch water?" Amsa: "Yes, he does", ko "No, he doesn't." A nan ma "fetch" muka ce, domin "does" ta karɓi kayan.

Ga wasu tambayoyi da za ku iya yi wa juna gobe da safe. "What time do you wake up?" Da ƙarfe nawa kake farkawa? "Where does your father pray?" A ina mahaifinka yake salla? "What do you eat for breakfast?" Da me kake karyawa? Guda ɗaya ce ba ta neman "do", ita ce idan mai aikin kake nema. "Who sweeps the compound?" Wa ke share tsakar gida?

Saura wani rami da ya kamata in nuna muku, domin daga Hausarmu ta yau da kullum yake tasowa. Duk da muna da "nakan", a hira mun fi cewa "kullum ina tashi da asuba". Wato "ina" tana yi mana aiki biyu, tana nuna abin da ake ciki, tana kuma nuna sabo. Sai ɗalibi ya ga an koya masa cewa "ina" ita ce "I am", sai ya rubuta "I am waking up at five every day". Ga mai jin Turanci wannan jimla ba ta zauna ba a matsayin bayanin sabo na kullum. To ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka juya jimla, ka gwada cire "ina" ka sa "nakan". Idan ta zauna daram, aikatau tsura za ka kawo: "I wake up at five every day." Idan kuwa "yanzu haka" ce ta fi dacewa da ita, sai ka sa "am" ko "is" ko "are", ka ƙara "ing". "My mother cooks every morning." Inna takan yi girki kowace safiya. "My mother is cooking now." Inna tana girki yanzu haka. Kuma kada a gauraya su. "I am go to school" ba ta cikin ko ɗaya.

Akwai kuma wasu kalmomi da ba aikin gaɓɓai suke nunawa ba, hali ne ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya. Mu mukan ce ina da, ina so, na sani, na gane. Turanci duk a wannan lokaci na yau yake sa su. "I have two brothers." Ina da 'yan'uwa maza biyu. Ba a cewa "I am having two brothers". "I want tea." Ina son shayi. "I know the answer." Na san amsa. "I understand." Na gane. Amma idan "have" tana nufin ci ko sha, to aiki ce, kuma "I am having breakfast" daidai ne ga wanda ke cikin karyawa.

Don jimlolinku su faɗi gaskiyar yadda kuke rayuwa, ga kalmomi biyar masu nuna yawan aukuwar abu. "Always", kullum ba fashi. "Usually", galibi. "Often", sau da yawa. "Sometimes", wani lokaci. "Never", ko sau ɗaya ba a yi. Mazauninsu kafin aikatau ne. "I always greet my parents." "She usually walks to school." "He never eats before prayer." Ita "never" korewa ce da kanta, ba ta neman "don't" ko "doesn't". Wajen faɗin lokaci kuma, "at" ta agogo ce, "at six o'clock". "On" ta rana ce, "on Friday". "In" kuma ta sashen yini, "in the morning".

Wannan lokaci bai tsaya a kan safiya kaɗai ba. Da shi ake faɗin abin da yake gaskiya koyaushe. "The sun rises in the east." Rana daga gabas take fitowa. Da shi ake faɗin sana'a da mazauni. "I live in Zinder." "My uncle sells cloth in Kano." Saboda haka wanda ya ƙware a kansa zai iya gabatar da kansa a gaban kowa, ya faɗi inda yake zaune da abin da yake yi.

Ɗalibai kuma, ku san cewa a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, da ta NECO da aka kafa a 1999, da ta JAMB, ana yawan tambaya a kan dacewar mai aiki da aikatau, wato wannan "s" da muka daɗe a kanta. Kun kuma san sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'o'in Najeriya. 'Yan'uwanmu na Nijar ma abin ya shafe ku, domin kundin mulkin ƙasarku da aka ƙaddamar a 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

(Gajeren sauti)

To, lokacin gwaji ya yi. Zan faɗi jimla da Hausa, in ɗan yi shiru, ku juya ta, sannan in ba da amsa.

Ta ɗaya: Nakan share ɗakina kowace safiya.

(A dakata kaɗan)

"I sweep my room every morning."

Ta biyu: Ƙanwata takan wanke kwanuka.

(A dakata kaɗan)

"My sister washes the dishes." Da fatan ba a manta da "es" ba.

Ta uku: Babana ba ya shan shayi.

(A dakata kaɗan)

"My father doesn't drink tea."

Ta huɗu: Da ƙarfe nawa yayanka yake tashi?

(A dakata kaɗan)

"What time does your brother get up?"

Ta biyar: Yara sukan tafi makaranta da ƙarfe bakwai.

(A dakata kaɗan)

"The children go to school at seven o'clock." A nan a kula. Kalmar "children" ba ta da "s", amma jam'i ce, don haka "go" za a ce. Ma'anar suna ake dubawa, mutum ɗaya ne ko fiye.

Wanda ya ci duka biyar, sai mu ce barka. Wanda ya ci biyu ko uku ma ya yi ƙoƙari, ya ga inda zai gyara.

Kafin mu rabu, ina da roƙo ga iyaye da sauran jama'ar gida. Yara da yawa sun san waɗannan ƙa'idoji a takarda, amma bakinsu ya yi nauyi saboda tsoron dariya. Yaro ya buɗe baki ya gwada jimla, sai a ce yana iyayi, ko a kwaikwayi kuskurensa a yi ta shewa. Daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke. Wannan asara ce babba. Babu wanda ya taɓa iya wani harshe bai yi kuskure a cikinsa ba, kuma koyon Turanci ba ya rage wa yaro Hausarsa da komai. Kun dai ji yau da kunnenku, da Hausar muka buɗe kowace ƙofa ta wannan darasi. Uwa ko uba da ba su yi boko ba su ma suna da abin yi. Ki ce wa 'yarki, faɗa mini da Turanci abin da kikan yi kowace safiya, sannan ki fassara mini. Sauraron da kika yi mata kaɗai ya isa ya sa ta dage.

Ga aikin gida na wannan mako. Gobe da safe, duk aikin da kuka sa hannu a kai, ku faɗi jimlarsa a bayyane. Kuna riƙe da tsintsiya, ku ce "I sweep the compound every morning." Bayan haka ku rubuta jimla biyar a kan safiyarku. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida, Inna ko Baba ko yaya, ku rubuta biyar a kan tasa safiyar, ku ja layi a ƙarƙashin kowace "s". Daga nan ku mayar da biyu su zama korewa, biyu kuma su zama tambaya. Wanda ke makaranta ya kai wa malaminsa ya duba masa. Wanda ba ya makaranta ya nemi wani ɗalibi a unguwa su duba tare, tambaya ai rabin ilimi ce.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu ɗauki waɗannan ayyuka mu mayar da su shuɗaɗɗen lokaci, mu koyi yadda ake ba da labarin abin da ya faru jiya. Ku zo da jimlolinku a hannu, domin da su za mu yi aiki.

  

(Taken rufe shiri)